Yadda na koma na zana Litirecha a WAEC da girmana

Duk wanda ya ce maka an daina koyar da su Shakespeare a sakandare to gaskiya bai leƙa silabas ɗin WAEC ba, suna nan daram, ni da kaina na zauna na zana jarrabawar a ƙarshen 2023 shi ya sa nake faɗa da ƙarfina. Sai dai fa littafi ya kasance a silabas daban, yaro ya buɗe shi ya karanta daga bango zuwa bango daban, kuma a nan ne matsalarmu take musamman mu nan Arewa.

Na gama sakandare a 2014 a wata makarantar gwamnati a nan Kano, ajin at nake, amma tun daga SS1 har muka fita ba mu taɓa samun malamin Litirecha, wato darasin adabin Ingilishi, ba. Darasin yana nan a jadawali, in lokacinsa ya yi sai dai a yi ta hira har a buga ƙararrawa. Da aka zo rijistar jarrabawa sai aka ce tunda ba mu yi ba kowa ya cike Hausa da Islamiyat da Gwamnati da sauransu, muka cike, kuma babu wanda ya zaunar da mu ya ce yara ku sani fa duk mai son karatun lauya ko Ingilishi a jami'a sai da wannan darasin. Bayan na gama na kama aikin buga takardu a wani shagon kwamfuta kusa da kotu, kullum afidabit da yarjejeniyar sayen fili da takardun lauyoyi ne ke bi ta hannuna, a hankali sha'awar karatun ta shige ni sosai, ina duba ƙa'idojin JAMB sai na ga Litirecha dole ne a cikin darussan da za ka zana, kuma dole ne ka zo da kiredit ɗinta daga sakandare. Shikenan, ba wata hanya sai komawa.

Abin da na yi shi ne WAEC ta masu zaman kansu, wadda muke ce wa GCE. Sau biyu ake yinta a shekara, akwai ta farkon shekara akwai ta ƙarshe, ni ta ƙarshen na shiga don in samu watannin karatu. Rijistar ba wahala, za ka sayi fin, wato lambar rijista, ka je kafe da lambar NIN ɗinka, a ɗau hotonka da zanen yatsunka, ka zaɓi darussa da garin da kake so a ba ka santa, daga baya ka fitar da katinka mai hoto da jadawalin jarrabawa. Abu ɗaya da zan ja kunnen mutum a kai, ka tsaya a kan mai kafe ka ga sunanka da ranar haihuwarka sun yi daidai da na NIN harafi da harafi kafin ya tura, don gyara daga baya ba ƙaramin yawo ba ne. Ni duka darussan na sake cikewa ba Litirecha kaɗai ba, saboda akwai jami'o'in da a kwas irin na lauya sun fi son sakamakon zama ɗaya.

Daga nan sai neman littattafai, na shiga kasuwar Sabon Gari wajen masu littattafai da jerin sunayen a takarda. Jerin da aka yi amfani da shi daga 2021 zuwa 2025 ke nan, don duk shekara biyar ake canzawa. Na Shakespeare shi ne A Midsummer Night's Dream kuma shi dole ne ba zaɓi. Ƙagaggen labari na Afirka akwai Second Class Citizen na Buchi Emecheta da Unexpected Joy at Dawn na Alex Agyei-Agyiri, na waje kuma Wuthering Heights na Emily Brontë da Invisible Man na Ralph Ellison. Wasan kwaikwayo na Afirka The Lion and the Jewel na Wole Soyinka da Let Me Die Alone na John Kargbo, na waje Look Back in Anger na John Osborne da Fences na August Wilson. Sai waƙoƙi 12, shida na Afirka shida na waje. Mai shagon yana duba takardar ya ɗago ya ce min "Malam littattafan kake so ko ki-poyin?" na ce Alhaji mene ne bambancin, sai ya jawo wani littafi guda mai kauri ya ce wannan an taƙaita komai a ciki, labari da jigo da 'yan wasa har da amsoshin tambayoyi, ya ce yawancin ɗalibai shi kaɗai suke saya, har malamai ma. Ainihin littattafan sai da ya shiga can ciki ya lalubo su, Wuthering Heights ɗin ma bugun ƙananan haruffa ne da takarda mai shara-shara har kana hango rubutun bayan shafi. Na sayi ki-poyin ɗin na sayi littattafan na haɗa da fas kwescin, wato tambayoyin jarrabawar shekarun baya.

Makonnin farko ni kaɗai nake fama, in na tashi daga aiki in buɗe Shakespeare in karanta shafi guda in koma in sake, Turancin ba irin wanda nake bugawa kullum a shago ba ne, Turanci ne na sama da shekara 400, tunda mutumin an haife shi 1564 ya mutu 1616, kuma yawancin maganganun a tsarin waƙa suke. Allah ya taimake ni akwai wani dattijo a unguwarmu tsohon malamin Ingilishi ne da ya koyar a kwalejin horon malamai ya yi ritaya, Baba Malam muke ce masa, na je na gaishe shi na faɗa masa abin da ke tafe da ni. Ya ce "ɗana zan koya maka amma da sharaɗi, wancan mai kaurin ka ajiye shi a gida, ba za ka taɓa shi ba sai mun gama littafin." Na ce to Baba.

Bayan la'asar muke zama a zaurensa, kuma ba ni kaɗai ba ne, akwai jikarsa da wasu yara 'yan SS3 na makwabta da suke wata makarantar kuɗi. Su fa suna da malamin Litirecha tun SS1, kuɗin makaranta ana biya, amma da Baba ya tambaye su wa ya taɓa karanta wasan daga farko zuwa ƙarshe babu ko ɗaya. Abin da ake musu shi ne malami ya tsaya ya yi ta karanto not suna kwafa, jigo na ɗaya jigo na biyu, halayen wane halayen wance, za su iya jero maka jigogin Wuthering Heights a ka amma ba su san yadda babin farko ya fara ba. Wallahi abin ya taɓa ni, don ni ina ganin ni aka cuta da ba a ba ni malami ba, ashe waɗanda suke da malamin ma ba a kai su ga littafin ba.

Yadda Baba yake yi shi ne ya raba mana 'yan wasa, kai ne wane ke ce wance, a karanta da murya, in an kai ƙarshen fitowa ya tsayar ya ce to wa zai faɗa min da Hausa me ya faru. A nan ne wasan ya buɗe min. Wani uba ne mai suna Egeus ya kawo ƙarar 'yarsa Hermia gaban sarkin Atina Theseus, shi ya zaɓa mata Demetrius ita kuma Lysander take so, dokar garin kuma ta ce ko ta bi zaɓin uba ko a kashe ta, sarki ya ƙara mata hanya ta uku wato ta shiga gidan ibada ta zauna ba aure har ta mutu. Sai suka gudu daji da dare, Demetrius ya bi su, Helena da ke mutuwar son Demetrius ita ma ta bi shi, a dajin kuma sarkin aljanu Oberon yana rigima da matarsa Titania, ya aiki yaronsa Puck ya samo ruwan wani fure da in an ɗiga wa mai barci a ido duk wanda ya fara gani in ya farka shi zai so, Puck ya ɗiga wa wanda ba shi aka ce ba, komai ya rikice. Ga kuma wasu masu sana'ar hannu da suka shiga dajin suna gwajin wasan da za su yi a bikin sarki, aka mayar wa ɗayansu Bottom masaƙi da kai na jaki, sarauniyar aljanu ta farka ta gan shi ta kamu da sonsa. Jikar Baba tana jin fitowar farko ta ce "Baba ai wannan auren dole ne irin na littattafan soyayyarmu", ya ce ƙwarai kuwa, to yanzu ki koma ki karanta maganar Hermia kamar ke aka kai ƙara. Daga ranar yaran nan suka daina jin tsoron littafin. Baba ya kuma gaya mana ba yau Shakespeare ya fara shigowa ƙasar Hausa ba, marigayi Farfesa Ibrahim Yaro Yahaya ya mayar da Twelfth Night zuwa Hausa da sunan Daren Sha Biyu, su kuma a zamaninsu har hardace sassan Julius Caesar ake sa su yi.

A sauran sassan masu littafi bibbiyu ba sai ka karanta duka biyun ba, ɗaya za ka amsa tambaya a kai. Baba ya ce in ɗauki Wuthering Heights da Look Back in Anger da The Lion and the Jewel da Second Class Citizen saboda su ne kuma suke cikin jerin JAMB na lokacin, karatu ɗaya ya yi min aiki biyu. Shawara ce mai kyau ƙwarai duk da Wuthering Heights ɗin shi ne ya fi ba ni aiki a duk tafiyar.

An buga shi 1847, marubuciyar ta rasu shekara ɗaya bayan nan tana da shekara 30, shi kaɗai ne ƙagaggen labarin da ta bari. Babi 34 ne. Wahalar farko ba wanda labarin ya shafa ne ke ba da shi ba, wani baƙo ne ɗan haya mai suna Lockwood yake rubutawa, shi ma mai aikin gidan Nelly Dean ce take ba shi, ita ma wani lokacin wasiƙa take karantowa ko abin da wani ya faɗa mata, in ba ka lura ba sai ka rasa bakin wa kake ji. Wahala ta biyu sunaye, Catherine biyu ce uwa da 'ya, Linton sunan dangi ne kuma sunan wani yaro ne, ga Hindley ga Hareton ga Heathcliff duk da harafi ɗaya suka fara. Sai da Baba ya sa na zana salsalar gidajen biyu a kwali na manna a bango, gidan Earnshaw a Wuthering Heights da gidan Linton a Thrushcross Grange, wa ya haifi wa wa ya auri wa. Ga kuma wani tsohon bara Joseph da aka rubuta maganarsa da karin harshen ƙauyen Yorkshire, shi kam ko Baba sai ya karanta da ƙarfi kafin ya fassara mana.

Amma da na wuce wajen babi na tara ban ƙara iya ajiye shi ba. Heathcliff yaro ne tsintacce da maigida ya ɗauko daga titin Liverpool ya kawo cikin 'ya'yansa, ba a san asalinsa ba, maigidan na mutuwa babban ɗan ya mayar da shi bara ya hana shi karatu, yarinyar da suka tashi tare suke son juna ta zaɓi ɗan masu kuɗi saboda a ganinta auren Heathcliff zubar da daraja ne, shi kuma ya ji wannan maganar da kunnensa ya fice bai tsaya ya ji sauran ba. Ya ɓace shekara uku ya dawo da dukiya, daga nan sai ramuwa, ya karɓe gidan farko ta hanyar caca da jingina, ya karɓe na biyu ta hanyar aure da gado, ya ɗauki ɗan wanda ya wulaƙanta shi ya hana shi karatu kamar yadda aka yi masa. Ni da nake buga takardun gado da jingina kullum, wannan ɓangaren ya tsaya min a rai, na ga yadda mutum zai bi doka tsaf ya cinye marayu, kuma yadda mace a Ingila ta wancan lokacin in ta yi aure dukiyarta take komawa hannun miji. Ki-poyin layi biyu ya ba wannan, ya ce jigon ramuwa, alhali a littafin kana gani da idonka yadda ƙiyayyar ke cin mai ita har ya kai ga ramuwar ma ta fita daga ransa. Ban ce littafi ne mai daɗi ba, akwai mugunta a ciki sosai, amma ban taɓa karanta abin da ya nuna min illar wulaƙanta yaro kamarsa ba.

Waƙoƙin kuma kowacce da halinta. Na Afirka irin su Black Woman ta Senghor da The Leader and the Led ta Niyi Osundare sun fi saurin shiga. Na waje akwai Caged Bird ta Maya Angelou mai sauƙi, akwai Binsey Poplars ta Hopkins a kan bishiyoyin da aka sare kusa da Oxford a 1879 wadda Turancinta a murɗe yake, akwai Journey of the Magi ta T. S. Eliot da ta Dylan Thomas da Bat ta D. H. Lawrence. Wadda ba zan manta ba ita ce The Good-Morrow ta John Donne, shi ma ɗan zamanin Shakespeare ne, waƙar soyayya ce da mai waƙar ke cewa kafin su haɗu kamar barci suke, sai ya ambaci kogon masu barcin nan bakwai. Yaran sun hardace wajen daga not ba su san me ake nufi ba, Baba ya ce wa yake karanta Suratul Kahfi ranar Juma'a, duk muka ce mu, ya ce to Ashabul Kahfi ne, Kiristoci ma suna da labarin, a wajensu su bakwai ne kuma a garin Afisa na ƙasar Turkiyya ta yanzu. Ka ga abin da ɗan Kano ya riga ya sani tun yana allo, amma an bar shi yana haddar abin kamar baƙonsa ne saboda ba a samu mai haɗa masa ba.

Sai da muka gama duk wannan Baba ya ce to yanzu ɗauko mai kaurin. Kuma gaskiya a lokacin ya yi amfani, don tuna sunaye da jera hujjoji da ganin yadda ake tsara amsa. Makonnin ƙarshe fas kwescin kawai muke yi yana riƙe da agogo.

Jarrabawar takarda uku ce. Ta farko tambayoyi 50 ne na zaɓi cikin awa ɗaya, 20 a kan sanin adabi gabaɗaya irin su adon magana da nau'o'in waƙa, 5 a kan wani guntun rubutu da ba ka taɓa gani ba, 5 a kan waƙar da ba ka taɓa gani ba, sai 20 cif a kan Shakespeare. Waɗannan 20 ɗin za a yanko maka magana ne daga cikin wasan a ce wa ya faɗa, wa yake faɗa wa, a ina suke, me ya faru kafin nan, wanda ya dogara da taƙaitawa a nan yake tsayawa cak don ba labarin ake tambaya ba, maganar ake tambaya. Ni kam da na ga layukan muryoyin yaran nan nake ji a kunnena, na san wa ya karanta wane. Ta biyu rubutu ne a kan ƙagaggun labarai, tambaya biyu cikin awa ɗaya da kwata, ɗaya Afirka ɗaya waje. Ta uku ita ce doguwar, awa biyu da rabi tambaya huɗu, wasan Afirka da na waje, waƙar Afirka da ta waje. Abin da Baba ya yi ta nanata mana shi ne kada ka ba mai maki labari, ya san labarin, ka amsa abin da aka tambaya ka kawo hujja daga littafin, sakin layi ɗaya magana ɗaya. A ɗakin da muka zana masu Litirecha ba mu da yawa in aka kwatanta da ranar Ingilishi ko Lissafi da wajen ya cika maƙil. Mu da takarda da biro muka yi duka, daga farkon 2024 ne WAEC ta fara shigo da kwamfuta a jarrabawar masu zaman kansu, don haka mai shirin yi yanzu ya tambayi yadda tsarin yake.

Sakamako ya fito na samu C4 a Litirecha, alhamdulillahi, na je na nuna wa Baba ya sa min albarka, sannan na shiga shirin JAMB da littattafan da na riga na sani.

Na sha jin masu cewa me ya haɗa 'ya'yanmu da tsofaffin littattafan Turawa, a ba su namu mana. Na fahimci damuwar amma ku duba jerin, kusan rabinsa na 'yan Afirka ne daga Najeriya da Ghana da Saliyo da Senegal da Angola, ga kuma Hausa darasi ne mai zaman kansa da nasa littattafan. Can Ingila ma ba su sake su ba, a tsarin jarrabawarsu ta GCSE da aka fara zanawa a 2017 dole ɗalibin adabi ya yi wasan Shakespeare ɗaya da ƙagaggen labari na ƙarni na 19 da waƙoƙi tun daga 1789. Ni abin da ke damuna ba a cire ko a bari ba ne, a ce makaranta tana da ajin at ba malamin darasin ba kwafin littafin ko ɗaya a laburare, yaro ya gama ya zo cike fom sannan ya ji an ce ba zai iya karatun lauya ba. Yara nawa ne a cikin 'yan ajinmu za su iya dawowa su sake biyan kuɗin rijista da na littattafai kamar yadda Allah ya hore min, mata nawa ne a ciki suka yi aure maganar ta wuce.

Yanzu an shiga sabon jeri na 2026 zuwa 2030, Shakespeare yana nan amma Antony and Cleopatra ne, akwai To Kill a Mockingbird na Harper Lee, akwai An Inspector Calls da A Man for All Seasons, a Afirka akwai The Marriage of Anansewa na Efua Sutherland, a waƙoƙi har da Byron da labarin zakara da yanyawa na Chaucer wanda ya rasu tun 1400, ka ga ma an ƙara komawa baya ke nan. Ƙanwata shi za ta zana, makarantarsu malamin Litirecha ɗin ɗan bautar ƙasa ne, yana ƙoƙari sosai amma shekara ɗaya zai yi ya tafi, don haka ranar Asabar nake kai ta zauren Baba ita da ƙawayenta. Wanda zai je sayen littattafai kuma ya tafi da jerin shekarar da zai zana a rubuce, don har yanzu akwai ragowar na tsohon jeri jibge a shaguna har da ki-poyin ɗinsu, ka duba shekarun da aka rubuta a bango kafin ka biya.